Ku Tambayi Itace Garinsu Kafin Ku Dasa Shi

'Yan'uwa manoma, tsadar takin zamani ta sa ƙungiyoyinmu na gama kai da yawa sun fara neman itatuwan da ke gyara ƙasa. Wanda aka fi ambata a cikinsu shi ne gilirisidiya, wanda Yarabawa suke kira agunmaniye. Itace ne mai amfani ƙwarai. Amma shawarata ita ce, kada wata ƙungiya ta fid da kuɗin asusunta ta sayi irinsa sai ta san inda ya fito da abin da yake bukata, gama ba kowace ƙasa ce take karɓarsa ba.

Asalinsa daga ƙasar Meksiko ne da Amurka ta Tsakiya, a gefen Tekun Fasifik. A can yana fitowa da kansa a kan tudun rairayin bakin teku da gaɓar koguna, inda akwai zafi dukan shekara, da damina mai kyau, da rani na wata biyar ko fiye. Sifaniyawa ne suka haye teku da shi zuwa Filifin, daga baya ya bazu cikin ƙasashe masu zafi, ana dasa shi domin ya yi wa koko da shayi inuwa. Ma'anar sunansa da Latin kuwa ita ce mai kashe ɓera, domin mutanen ƙasarsa suna haɗa maganin ɓera da shi.

Dangin wake ne da gyaɗa. In ka tone saiwarsa za ka ga ƙananan ƙululai, a cikinsu ne waɗansu ƙwayoyin halitta suke jawo naitirojin daga iska, watau abin nan da muke saye cikin buhun yuriya. In an ƙyale shi yakan kai ƙafa 30 ko fiye, in kuwa ana sassare shi sai ya tsaya gajere, ya yi rassa da yawa. Da rani yakan zubar da ganye ya yi fure mai jaja-jaja. Kwansonsa yakan kai inci 4 zuwa 6, in ya bushe sai ya fashe ya watsar da iri nesa. Saboda haka mai son iri ya tsinke kwanson tun bai fashe ba.

To, me yake bukata? Na fari, ruwa. Ya fi jin daɗi inda ruwan sama yake kai inci 35 zuwa 60 a shekara. Yana iya rayuwa da ƙasa da haka, amma rayuwa dabam, ba da ganyen da zai ishi gona dabam. Na biyu, zafi. Ba ya son sanyi, don haka a kan tudun Jos girmansa yakan yi nawa. Na uku, ƙasar da ruwa ba ya kwanciya. Jigawa da ƙasa mai tsakuwa ba su dame shi ba, har ƙasar da ta gaji yana kamawa, amma fadamar da ruwa ke tsayawa ba wurinsa ba ce.

Ga abin da wannan yake nufi gare mu. Ƙungiyoyin Kudancin Kaduna, da Binuwai, da Nasarawa, da Taraba, da gangaren Filato suna da ruwan da ya ishe shi. Wajen Zariya sai a gwada kaɗan tukuna. Amma a Katsina da Sakkwato da Maraɗi, inda ruwa ba ya cika kai inci 30, ban ga dalilin ɓad da kuɗi a kansa ba. Su suna da gawo, shi ma dangin wake ne, yana kakkaɓe ganyensa da damina ya bar gero ya sha rana. A ƙasar Maraɗi tun 1983 manoma suka koma renon tohon kututturen da ke cikin gonakinsu, itatuwa kuwa suka dawo ba tare da an sayi iri ba.

Wani zai ce, ai an taɓa kawo mana irin wannan magana, ba ta je ko'ina ba. Gaskiyarsa. Tun cikin shekarun 1970 cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan ta gwada shuka masara tsakanin layukan irin waɗannan itatuwa, ana sare ganyen ana zubawa a ƙasa. A gonar gwaji abin ya yi kyau, amma manoma kaɗan ne suka riƙe shi. Sarar rassa takan faɗo daidai lokacin noman fari, sa'ad da hannu ya yi ƙaranci, in kuwa an makara sai inuwa ta danne masara. Ga kuma wanda yake noma gonar aro ba shi da ikon dasa itace. Duk da haka a Makoka ta ƙasar Malawi, inda aka soma gwada gilirisidiya da masara a farkon shekarun 1990, gonakin da aka kula da su sun fi waɗanda ba a sa musu taki ba nesa. Ashe matsalar ta aiki ce da mallakar ƙasa.

Don haka a fara daga shinge, a gonar da take ta ƙungiya ko ta mutum kansa. A yanko sanda mai ƙwari, tsawon ƙafa 4 zuwa 6, a kafa ta a farkon damina kamar yadda ake dasa dashi ko ceɗiya. Inda rani yake da tsawo gara a shuka iri, gama wanda ya tsiro daga iri saiwarsa ta fi nitsewa, kuma irin ba ya bukatar jiƙo. A tsare shi daga awaki da gobarar daji a shekarar fari. Daga shekara ta biyu sai a riƙa sara sau biyu ko uku kowace damina, a binne ganyen ɗanye a kunya, gama yana ruɓewa da sauri. Rassan kuma su zama itacen wuta da sandar doya.

Ganyen abinci ne mai gina jiki ga shanu da awaki da tumaki. In sun ƙi shi saboda warinsa, a bar shi ya yi yaushi kwana guda, a gauraya da ciyawa. Kada a ba doki, kada kuma a mai da shi abincin alade ko kaji.

A taronku na gaba, ku tambayi malamin gona yawan ruwan da gundumarku take samu. In ya kai, ku kafa shinge guda, ku naɗa mutum biyu masu lura da shi, ku rubuta abin da kuka gani har damina biyu kafin ku shigar da shi tsakiyar gona. Allah ya ba mu damina mai albarka.