Masu neman suna a kasuwar NFT: idan kaya ya faɗi, wa zai biya?

Makon jiya wani ƙanina da ke sayar da kayan waya a Agege ya kira ni, wai in koya masa yadda zai yi suna a X da TikTok a matsayin masanin NFT da kirifto. Ya ce yana ganin sa'anninsa sun liƙa hoton biri a fuskar shafinsu, suna tara mabiya, ana biyansu da dala. Na ce ya ba ni kwana biyu. Amsar da na shirya masa ce na ga gara in rubuta a nan, don na san irinsa suna da yawa a Sabo ta Ibadan, da Mile 12, da Ama Hausa ta Owerri, da Lokpanta. Ni ma na bi wannan hanya daga ɗakina a unguwar Barade, nan Jalingo, kuma sai da ta ci mini bijimi guda.

Ga wanda bai sani ba, NFT shaidar mallaka ce da ake rubutawa a wani kundi na intanet wanda ba mai iya gogewa, kamar na Ethereum ko Solana. Shi hoton kowa na iya kwafarsa a wayarsa. Abin da ka saya da kuɗinka shi ne rubutun da ke cewa lamba kaza taka ce. To saniya tana ba da nono, tana haihuwa, in ta karye a hanya a yanka a sayar da nama da fata. Shi NFT darajarsa ɗaya ce tak: abin da wani zai yarda ya biya gobe.

Shi ya sa farashinsa ke hawa da sauka kamar ruwan Mayo Gwoi da damina. A watan Maris na 2021 kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da aikin wani Ba'amurke mai suna Beeple kan dala miliyan 69. A watan nan dai aka sayi saƙon farko da Jack Dorsey ya wallafa a Twitter kan dala miliyan 2.9. Da wanda ya saya ya fito da shi kasuwa a Afrilun 2022, tayin da ya fi tsoka a ƙarshen gwanjon bai kai dala 300 ba. Kayan bai canja ba, masu so ne suka watse.

Mu a Arewa abin ya fi shigo mana ta ƙofar mainin. Kowa ya tuna 2024, lokacin da yara da manya suka duƙufa danna waya a Hamster Kombat, aka yi ta lissafin mota da gida, ranar 26 ga Satumba aka fashe, da yawa abin da suka samu bai mayar musu da kuɗin data ba. 'Yan Pi sun yi shekaru suna jira, aka buɗe kasuwarta ranar 20 ga Fabrairun 2025, ta taɓa kusan dala 3, sannan ta gangaro ƙasa da dala ɗaya. Amma a duk waɗannan akwai waɗanda suka ci riba tun kafin a fashe, wato masu manyan shafuka da suka yi ta raba linkinsu na gayyata.

Daga ina kuɗin mai suna ke fitowa?

Tunda kayan ba shi da daraja sai da masu so, duk wanda jama'a ke saurara shi ne kasuwar. Masu fito da sabon NFT sun san haka, shi ya sa suke neman mai mabiya. Hanyoyin da suke biya huɗu ne da na sani. Ko su ba ka gurbi ka saya da arha kafin a buɗe wa kowa, ko su biya ka kuɗin talla kai tsaye, ko su ba ka kaso daga duk wanda ya shiga ta linkinka, ko su ɗauke ka aikin kula da zaurensu na Telegram ko Discord a biya ka duk wata. Na ƙarshen aiki ne kamar kowane aiki. Sauran ukun kuwa, in ka bi sawun kuɗin da kyau, daga aljihun mabiyanka suke fitowa. Kai ka saya da arha, su suka saya da tsada daga hannunka.

Na fara a 2022, ina fassara bayanin kirifto da Hausa, don a lokacin masu yi ba su da yawa. Cikin shekara na tara mabiya sama da dubu huɗu, kaina ya fara girma. Sai wasu daga ƙasar waje suka turo mini saƙo, suka ba ni hotuna biyar kyauta in tallata musu. Na tallata, ban gaya wa kowa an ba ni komai ba. Ɗan baffana da ke lodin shanu a Lokpanta ya ga rubutuna, ya zuba naira 180,000 da yake tarawa na aure. Ni na sayar da nawa ranar farko. Bayan mako uku masu abin suka rufe zaurensu, suka goge shafinsu, shi ke nan.

Da maganar ta iso gida, mahaifina ya kira ni zaure bayan sallar isha'i.

Ya ce, "Kai ka kai shi?"

Na ce, "Baba, ni dai bayani kawai na yi, ban ce kowa ya saya ba."

Ya ce, "An ba ka la'ada?"

Na yi shiru. Ya ce to dillalin da ya ci la'ada, bashin a wuyansa yake. Bijimin da ya ba ni tun yana ɗan maraƙi aka kai kasuwar Iware, aka biya ɗan'uwana. Na yi wata guda ina fushi. Yanzu kuwa na san da bai yi haka ba, da har yau ba na iya shiga taron dangi.

Abin da kara ta riga mu sani

Wannan abu da ake kira gina suna, iyayenmu sun daɗe suna yi, kuma ku da ke Kudu kun fi kowa gani. Falke ya ɗauko tirelar shanu daga Iware ko Garba Chede ko tsaunin Mambila, ya bi ta Wukari ya sauka a hannun mai gidansa. Dillali ya haɗa shi da mahauci Bayarabe ko Ibo wanda bai taɓa gani ba, a ba da shanun miliyoyin naira bashi, sau da yawa ba takarda. Abin da ke riƙe da cinikin shi ne sunan mai gida, don in mahauci ya gudu shi za a tuhuma. Mutum kan yi shekara ashirin yana gina wannan suna, ciniki ɗaya ya rushe shi.

Abu uku ke sa sunan kara ya yi nauyi. La'ada a fili take, mai saye da mai sayarwa duk sun san dillali zai ci. Kaya a gabanka yake, ka duba haƙori, ka taɓa tozo, ka sa a kora shi ka ga tafiyarsa, ba a cinikin biri a sama. Sannan dillali yana da rumfa, an san gidansa, an san sarkin kasuwar da za a kai ƙararsa. A soshiyal midiya ukun nan duk babu. Ana ɓoye kuɗin talla, kayan ba a san masu shi ba, shi kuma mai tallan in ta ɓaci sai ya canja suna da hoto ya dawo sabo.

To amma ɗan Hausa a Kudu ba shi da wannan mafaka. Mabiyanka na farko su ne 'yan masallacinku, da masu shayin layinku, da maƙwabtanka 'yan gari da ke ganin Bahaushe ba ya cin amana. In suka yi asara, fadar Sarkin Hausawa za a kai maganar. In kuma 'yan gari ne suka yi asarar, ba sunanka kaɗai zai ɓaci ba. Wanda ya ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a Fabrairun 2021 ya san yadda rigimar mutum biyu ke cinye unguwa.

Hukuma ma ta fara farkawa. A Amurka, a Oktoban 2022, Kim Kardashian ta biya dala miliyan 1.26 saboda ta tallata wani kirifto ba ta bayyana nawa aka biya ta ba. A nan gida, a 2024 hukumar SEC ta gargaɗi jama'a kan kwabon kirifto mai sunan Davido. A Maris ɗin 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar zuba jari da ta sanya kadarorin intanet ƙarƙashin SEC, ta kuma tanadi ɗaurin da ya kai shekara 10 ga masu harkar damfara irin ta a-ci-da-kuɗin-na-baya. Wata guda bayan haka CBEX ta rushe, mutane suka fasa ofishinta a Ibadan, EFCC ta fitar da sunayen waɗanda take nema. Cewa "ni talla kawai na yi" ba lallai ta fisshe ka ba.

To a bari ke nan?

A'a. Akwai waɗanda suka yi suna mai tsabta a harkar, kuma in ka duba duk suna da sana'a a hannu. Osinachi, ɗan Aba, da manhajar Microsoft Word yake zane, har Christie's ta sayar da aikinsa a Landan a Oktoban 2021. A 2022 wani matashi mai yi wa ƙasa hidima ya ɗauki hoton wani tsoho makaɗi a Ibadan, ya sayar a matsayin NFT, ya koma ya raba kuɗin da tsohon. Masu rawa da akwatin gawa na Ghana sun sayar da bidiyonsu kan kusan dala miliyan ɗaya a Afrilun shekarar. Kowannensu abin da ya yi da hannunsa ya sayar. Mu ma muna da abin nunawa: hawan sallah, dambe, safiyar kara, shanu a kan tsaunin Mambila. Ko kasuwar NFT ta mutu murus, wanda ya iya ɗaukar hoto ko zane ko haɗa bidiyo yana da abin yi.

Abin da na gaya wa ƙanina ke nan. Ka fara koyon abu guda da za a san ka da shi, ka yi shekara kana bayani kyauta kafin ka karɓi tallan kowa. In an biya ka, faɗi a layin farko cewa talla ne. Kada ka tallata abin da ba ka san masu shi da sunansu na gaskiya ba, ko wanda ba za ka iya sa kuɗin mahaifiyarka a ciki ba. Kada ka riƙa nuna hoton abin da ke asusunka, ɓarayi ma mabiya ne. Kalmomi 12 na sirrin asusunka kada ka ba kowa, ko da ya ce shi ma'aikacin kamfanin ne. Kuma kada ka bar shagonka saboda shafi, don shafin ba naka ba ne: an rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, wata bakwai cur, masu ci da shi suka koma neman hanyar ɓoye.

Ya tambaye ni ko ni har yanzu ina yi. Ina yi, amma mabiyana sun ragu sosai tunda na daina raba linki. Kwanan baya wasu sun turo mini tayin talla na dala 150, na tambaye su sunan kamfaninsu da lambar rajistarsu, har yau ba su amsa ba. Allah Ya ba mu halal, Ya tsare mana mutuncinmu a duk inda muke neman abinci.