Wa Ke Da Hurumin Cewa Hanya Ta Rufe?

A jihar Minesota ta Amurka akwai hanyoyi masu tsawon kusan mil 22,000 da ba su san kwalta ba. Dusar ƙanƙara ce shimfiɗarsu, abin da ke bin su kuwa wani babur ne marar taya, mai allunan sulɓi biyu a gaba da bel ɗin roba mai haƙora a baya. Wani bakanike ɗan Kanada, Joseph-Armand Bombardier, shi ya fito da samfurin Ski-Doo a 1959, shekaru 25 bayan ɗansa ya rasu saboda ƙanƙara ta toshe hanyar asibiti.

Hunturun 2023 zuwa 2024 ya ci amanar masu wannan babur. Tun da aka fara adana lissafin yanayi, Amurka ba ta ga hunturu mai ɗumi irinsa ba. Dusar ta yi ƙaranci, masu masauki da masu ba da haya suka ji a jikinsu, har tseren karnuka masu jan kaya na Beargrease aka soke. Shi kansa babur ɗin galibi da dusa yake sanyaya injinsa. A busasshiyar ƙasa sai ya ɗau zafi, ya kuma farfashe gonakin da masu su suka ba da aro don a bi.

Abin da ya kamata mutumin Sakkwato ya duba a nan shi ne yadda hanyar ke da mai ita. Ƙungiyoyin mahaya ne ke share ta, su kafa alamomi, kuɗin rajistar babura kuma ya dawo kanta. Idan dusa ba ta isa ba, a sanar cewa an rufe. Hukumar albarkatun ƙasa ta Minesota ma ta faɗi kaurin da ƙanƙarar tafki za ta kai kafin a hau ta da babur: inci 5 zuwa 7.

To, a Boɗinga da Shagari ma yanayi ne ke shata hanya. Da zarar ɗan kabu-kabu ya sauka daga titin Sakkwato zuwa Jega ya nufi ƙauyukan bayan Danchadi ko Dandin Mahe, da babur ɗinsa Boxer da buhun albasa da fasinja biyu, ƙasa ce ke da magana. Da rani ya yanke ta fadama, ya ratsa yashin gulbi. Da damina kwari ya cika, laka ta riƙe taya, tafiyar da ake yi kafin shayi ya huce ta koma zagayen rabin safiya, ko kuma a loda babur a kwale-kwale. Dattawa sun san watan da kowace mashiga ke rufewa, amma wannan sani ya dogara da daminar da ke cika alkawari. Ta yanzu takan makara, ta ɗauke a tsakiya, sannan ta zubo na mako guda a dare ɗaya. Kumfa a kwarin da jiya aka bi a ƙafa ita ce sanarwar da matafiyi ke samu.

Kan ruwa abin ya fi muni. A Afrilun 2022 kwale-kwale ya kife a Gidan Magana cikin ƙaramar hukumar Shagari, mutum 29 suka rasu. A Mayun 2023 wani kwale-kwalen ya kife a Dandeji, yara 15 suka rasu, neman itacen girki ya fitar da su. An yi ta'aziyya, manya sun zo sun koma. Har yau tambayar tana nan: wa ke tsaye a bakin ruwa da ikon cewa jirgi ya cika, ko yau ba a haye?

Ba sai an ƙirƙiro sabuwar hukuma ba. Akwai Sarkin Ruwa, akwai hakimi da masu unguwa, akwai ƙungiyar 'yan kabu-kabu da ke yankar tikiti kullum. Wani kaso na wannan tikiti ya isa sayen duwatsu da buhunan yashi, a yi gayya a gyara mashigai kafin ruwan farko, a kafa sanda mai jan fenti a kowane kwari yadda kowa zai ga iyakar da ruwa ya haramta. Hasashen damina da hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa duk shekara ya kamata ya iso tashar babura da Hausa, ta rediyo da WhatsApp.

Wani zai ce mutumin Minesota nishaɗi ya rasa idan an rufe masa hanya, na Shagari kuwa cefane ne, ko mai naƙuda ce a bayansa. Gaskiya ne, kuma shi ya sa umarnin "kada a bi" kaɗai ba zai yi aiki a nan ba. Duk mashigar da aka rufe, dole ƙaramar hukuma ta nuna zagayen da ta gyara, ƙungiya kuma ta tsayar da kuɗin wannan zagaye tun kafin watan Yuni, don kada ɗan kabu-kabu da fasinja su tsaya ciniki a bakin ruwa yana tasowa.