Awo Ne Ko Lissafi? Tsokaci Kan Fassarar Aikin Mitar Lantarki

A wurin Bahaushe, awo aiki ne na ido da ido. Mai hatsi ya cika mudu, mai saye yana kallo, in ya ga an rage baki sai ya yi magana. Lissafi kuwa bayan awo yake zuwa, kuma mai lissafi na iya kuskure ko da mudun daidai yake. Wannan bambanci da harshen ya riga ya tanada, ina ganin muna zubar da shi a fassarar kimiyya, domin duk lambar da na'ura ta nuna mukan kira ta awo.

A dubi mitar hannu da masu gyaran wuta ke yawo da ita. Idan aka nemi ta faɗi turjiyar waya, ba turjiyar take aunawa ba. Tana tura 'yar wuta da ta san adadinta, ta auna bolt nawa ya bayyana tsakanin bakunan wayar, sannan ta raba, bisa ƙa'idar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a 1827. Na'urorin ɗakin gwaji irin Keithley 2400, wadda ke ba da wuta ta kuma auna ta a lokaci guda, sun fi haka nisa. Takan ninka bolt da amfiya ta fitar da wat, takan kuma yi awo sau biyu domin ta cire ɗan ƙarfin da zafi ke haifarwa a mahaɗar ƙarafa.

Inda abin ya fi damuna shi ne wutar gida. Mitoci masu araha da yawa matsakaicin ƙarfin wutar suke ɗauka, su ninka shi da 1.11, bisa zaton cewa wutar tana hawa da sauka a lanƙwashe, sumul, kamar ta layin gwamnati. Idan wutar ta fito daga inbata mai arha wadda ke tsalle sama da ƙasa kai tsaye, zaton ya rushe, mitar za ta ƙara kusan kashi 11 cikin ɗari. Ba ta lalace ba, lissafinta ne aka gina kan sharaɗin da bai cika ba. Ɗalibin da littafinsa ya ce masa "mita ta auna" ba zai taɓa tambayar wannan sharaɗi ba.

Wani zai ce masu sana'ar sun daɗe suna aikinsu da "mita ta ba ni 230", kuma ba su rasa komai ba. Na yarda, a bakin aiki wannan ya wadatar. Amma littafin makaranta da ƙamusun kimiyya nauyinsu daban ne. Shawarata ga masu ƙirƙirar kalmomi ita ce a raba "aunanne" da "lissafaffe", tunda siga ce da nahawun Hausa ya saba da ita, kamar dafaffe da wankakke. Bolt ɗin batir aunanne ne, turjiya da wat lissafaffu ne. Lambar da aka samu ta hanyar ninkawa da 1.11 kuwa, ni dai da ƙiyasi zan kira ta.