Wayarka ta isa, fita ka ɗauki hoton

Duk lokacin da aka ba ɗaliban Mass Com ko na zanen gine-gine aikin ɗaukar hoto, kuka ɗaya ake ji a hostel: "Ba mu da kyamara." Ni dai ban yarda da wannan uzurin ba. Wayar da muke selfie da ita a bakin lakca ta isa ta ɗauki Gidan Makama ko Hasumiyar Gobarau hoton da za a tsaya a kalla. Matsalarmu lalaci ce da rashin lura.

Ginin ƙasa da haske yake magana. Ka je ƙofar Gidan Rumfa da tsakar rana, hoton zai fito fayau, bangon kamar an shafe shi. Ka koma da sassafe ko bayan La'asar, lokacin da rana ke dukan bango ta gefe, sai ka ga kowane zane ya yi inuwa, zankayen saman soro sun fito ɗaya bayan ɗaya. Wayar dai ita ce, lokaci kawai ka canza.

Sai tsayuwa. Yawancinmu mukan matsa jikin gini mu ɗaga waya sama, shi ya sa ginin ke fitowa kamar zai kife ta baya. Ja da baya, ka riƙe wayar a miƙe, ka kunna layukan da ke raba allo don ka daidaita bangon. Kada ka yi zumin da yatsa, hoton dusashewa yake yi. Ƙafarka ta yi maka zumin. Ka jira mai keke ko mai talla ya gifta, domin mutum a gindin gini shi ke nuna girmansa. A cikin soro mai duhu, inda bakan gizo ya ɗauki rufi irin na tsohon Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina, jingina wayar da bango kada hannu ya yi rawa. Kuma don Allah a goge gilashin kyamarar, maiƙon awara ba fasaha ba ne!

Wani zai ce ai babbar kyamara ta fi. Gaskiya ne, ta fi a duhu da kuma daga nesa. Amma gine-ginen nan ba za su jira mu tara kuɗin Canon ba. Badalar Kano kullum raguwa take yi, damina na ci, masu ɗibar ƙasa da masu gini na ci. Abin da ka gani bana, baɗi wataƙila sai labari.

Saboda haka ranar Asabar ɗin nan, ka yi cajin waya ka fita bayan Asuba. In fada ce, ka gaida dogarai ka nemi izini. In masallaci ne, ka kauce wa lokacin salla. Ka rubuta wuri da kwanan wata a kan kowane hoto, ka adana shi inda ba zai ɓata ba ko da an sace wayar.