A Dawo Wa Manomi Da Abin Da Aka Ji A Bakinsa

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan alƙaluman binciken da ake tattarawa a wurin manoma.

Ni manomi ne, ina kuma taɓa saye da sayar da hatsi a kasuwar Dawanau. Karatuna bai wuce firamare ba. Sau biyu wasu masu bincike suna iske ni a gona, su tambayi buhu nawa na samu, taki nawa na zuba, har awakina sai da suka ƙirga. Na ba su amsa tsakani da Allah, amma har yau shiru kake ji.

To, bana sai aka ba ɗana da ke ajin ƙarshe a jami'a aikin bincike a kan gero da dawa. Shi ya gaya mini cewa tun 2010 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da Bankin Duniya suke bibiyar gidaje wajen 5,000 a faɗin Nijeriya, suna komawa bayan 'yan shekaru. Sun kuma zuba bayanan a intanet kyauta, ba tare da sunan kowa ba. Wannan kam sai a yaba musu.

Amma da yaron ya sauko da fayil ɗin, sai ya ƙi buɗuwa. Kwana uku yana fama, kuɗin data na ta tafiya. Ashe na manhajar Stata ne, ita kuwa da dala ake sayen ta. Sai wani abokinsa ya nuna masa cewa akwai samfurin CSV, wanda Excel ke buɗewa. Da ya buɗu kuma, lambobi ne zalla, sai an ɗauko takardar tambayoyin an gwama sannan a san lamba kaza gero ce, kaza dawa.

Jama'a, in ɗan jami'a ya sha wannan wuya, ina ga ni? Ai kamar a nuna maka rumbu ne a ɗauke tsani. Mu muke karyar da amfani da kaka don ba mu san yawan abin da aka noma ba.

Saboda haka ina kira ga Jami'ar Bayero da hukumar KNARDA da su riƙa taƙaita irin wannan sakamako da Hausa, a karanta mana a Rediyon Kano. Mu kuma manoma mu daina rage yawan buhunanmu don tsoron haraji, domin ƙaryar da muka faɗa ita 'ya'yanmu za su buɗe a kwamfuta.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.

Naka mai karatu kullum,
Wani manomi,
Rijiyar Lemo, Kano.