Gidajen Abinci Na Bakin Tekun Legas Na Bukatar Matsuguni Mai Tabbas

Nijeriya na da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 853, tun daga yankin Badagry da ke kan iyaka da Jamhuriyar Benin har zuwa Jihar Kuros Riba, kuma kusan kilomita 180 daga ciki suna Jihar Legas. A kan wannan rairayi ne wata sana'a ta kafu shekaru da dama, wato ciyar da jama'ar da ke fitowa shan iska a ranakun hutu da lokutan bukukuwa. Sana'a ce mai ciniki, mai ɗaukar ma'aikata, amma har yanzu mafi yawan masu yin ta ba su da tabbacin cewa wurin da suka kafa tukunya bana za su same shi baɗi. Wannan rashin tabbas shi ne babban abin da ya hana ta bunƙasa, kuma shi ya kamata hukuma ta fara magancewa.

Gidajen abincin bakin tekun hawa-hawa ne. Akwai manya na ƙasaita a Tsibirin Victoria da Oniru da Lekki, inda attajirai da baƙi daga ƙasashen waje ke zuwa. Akwai kuma ɗimbin rumfunan katako da na ganyen kwakwa a gaɓar Elegushi da Tarkwa Bay da Badagry, inda ake sayar da gasasshen kifi da farfesun tarwaɗa da jatan lande da ƙaguwa, tare da soyayyar doya da ruwan kwakwa. A gefensu ga masu tsire da balangu, waɗanda akasarinsu 'yan Arewa ne da suka daɗe da zama a Legas.

Kuɗin da mai shan iska ya biya a kan faranti guda yana ratsa hannaye da yawa. Masuntan Epe da na Makoko suna samun rabonsu. Tumatir da albasa da attaruhu daga kasuwar Mile 12 ake sayo su, ita kuwa kasuwar manoman Kano da Kaduna da Sakkwato ne ke cika ta. Naman tsire yana fitowa daga mahautu irin ta Oko-Oba da ke Agege. Haka nan matuƙan kwale-kwalen da ke kai mutane Tarkwa Bay, da masu sayar da gawayi da ƙanƙara, duk da wannan ciniki suka dogara. Saboda haka rufe rumfa ɗaya a bakin teku na iya taɓa aljihun manomin albasa da bai taɓa ganin teku ba.

Tarihin gaɓar Legas kuwa tarihi ne na tashi da ƙaura. A da, Bar Beach da ke gefen titin Ahmadu Bello ita ce matattarar kowa da kowa, talaka da mai hali. Amma ganuwoyin duwatsun da Turawan mulkin mallaka suka gina a mashigin tashar jiragen ruwa tsakanin 1908 da 1912 sun tare yashin da igiyar ruwa ke kawowa daga yamma, sai teku ta yi ta zaizaye gaɓar har ta riƙa malalowa kan titi. Daga 2008 aka shiga cike wurin domin gina sabon birnin Eko Atlantic, Bar Beach ta ɓace, masu abincinta suka watse. A watan Agustan 2012 ambaliyar teku ta halaka mutane a gaɓar Kuramo, daga bisani gwamnatin jihar ta rushe rumfunan wurin. A watan Janairun 2020 sojojin ruwa suka tashi dubban mazauna Tarkwa Bay bisa hujjar ana fasa bututun mai a yankin, alhali da yawansu da hidimar masu ziyara suke ci. Sannan a ƙarshen watan Afrilun 2024 aka fara rushe sashen bakin teku na wurin shaƙatawar Landmark da ke Oniru, tare da gidajen abincin da ke cikinsa, domin buɗe wa babbar hanyar Legas zuwa Kalaba mai tsawon kimanin kilomita 700.

Adalci ne a faɗi cewa kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana da dalilinsa. Kare birni daga ambaliya wajibi ne, tsare bututun mai wajibi ne, hanya kuma jijiyar kasuwanci ce. Abin dubawa shi ne wanda asarar ke faɗawa a kansa. A ƙa'ida diyya tana bin mai riƙe da takardar fili da mai gini. Matar da ta kama hayar rumfa da baki, da mai tsiren da ke biyan kuɗin wuri kowane mako, da yaran da ke wanke kwanuka, ba su da takardar da za su nuna. Idan Landmark, da duk jarinsa da lauyoyinsa, bai tsira ba, to ƙaramin ɗan kasuwa ya san matsayinsa. Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Illar wannan hali ga tattalin arziki a bayyane take. Wanda yake zaune a kan shirin tashi ba zai haƙa rijiyar burtsatse ba, ba zai gina makewayi mai kyau ba, ba zai sayi babban firji ba. Banki ma ba zai ba shi rance ba, tun da ba shi da abin jingina. Sai sana'ar ta tsaya a matakin rumfa, tsabta ta yi ƙaranci, hukuma kuma ta dawo ta kafa hujja da ƙazanta ta sake rushewa. Cutar kwalarar da ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024, wadda ƙaramar hukumar Eti-Osa mai ɗauke da yawancin waɗannan wurare na cikin inda ta fi shafa, ta nuna cewa ruwa mai tsabta a inda ake dafa wa jama'a abinci lamari ne na rai da mutuwa.

Bugu da ƙari, tsadar gudanarwa ta matse su. Abin mamaki, wani kaso mai yawa na kifin da ake ci a bakin tekun daskararre ne da aka shigo da shi daga ƙetare, domin abin da ƙasar nan ke samarwa bai kai rabin bukatarta ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki darajar Naira a watan Yuni, kuɗin kifi da na kunna janareto suka yi tashin gwauron zabi. Gidajen da suka yi rajista suna karɓa wa gwamnati harajin kayan masarufi na kashi 7.5 cikin ɗari, ga kuma kashi 5 cikin ɗari na Jihar Legas bisa dokarta ta 2009. Mai saye kuwa kafin ya zauna ya riga ya biya kuɗin shiga a ƙofa, domin yawancin gaɓar da ta rage tana hannun gidajen sarauta da kamfanoni.

Mafita tana hannun gwamnati, tun da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Ya kyautu Jihar Legas ta keɓe wasu sassan gaɓar a rubuce a matsayin na jama'a, ta yanka wuraren sayar da abinci a ciki, ta ba da su haya na shekaru masu yawa da takardar da banki zai amince da ita. A samar da ruwa da makewayi da ɗakin sanyi na haɗin gwiwa, sannan a tsaurara duba tsabta. Idan aiki ya tilasta tashi, a ƙidaya masu rumfuna da ma'aikatansu, a nuna musu sabon wuri kafin a kawo motar rusau. Su ma masu sana'ar wajibi ne su kafa ƙungiyoyi masu rajista, domin hukuma ta san da wa za ta yi magana.

Jihohin da sabuwar hanyar za ta ratsa suna da damar kauce wa wannan kuskure. Gaɓar Araromi a Jihar Ondo da ta Ibeno a Akwa Ibom za su ga ƙaruwar baƙi da zarar hanya ta isa, darajar fili kuma za ta tashi. Yanzu ne lokacin da gwamnatocin jihohin, tare da Ma'aikatar Tattalin Arzikin Teku da aka kafa a 2023, za su shata wa masu abinci wurinsu, tun kafin dillalan filaye su riga su.