Harshen Gwani ko Takardar Kwalba?

Mafi yawanmu masu karanta wannan mujalla ba mashaya ba ne. Addini ya yi mana katanga da giya, kuma ba mu zo don mu rushe katangar ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne wata sana'a da ta bunƙasa a gefen gandayen inabi na ƙasar Faransa, wato ɗanɗana jar giya da yanke mata hukunci. Da'awarmu ita ce, akasarin wannan hukunci daga takardar jikin kwalba yake fitowa, harshe kuwa shaida kawai yake bayarwa bayan an gama shari'a.

Bari mu fara da ba gwani haƙƙinsa. Yakan zuba kaɗan a kofin gilashi, ya karkata shi a kan farin ƙyalle ya duba launi, ya jujjuya, ya sansana, ya kurɓa, ya kurkure baki, sannan ya tofar. Yana auna tsami da ɗaci da bauri. Baurin nan da jan launin duk daga ɓawon inabi suke fitowa, domin tare da ɓawon ake tsima jar giya. Har nan ilimi ne, ba mu ja ba. Inda muka raba gari shi ne lokacin da zai ɗaga kai ya ce ya ji ƙamshin tsohuwar fata da ganyen taba da ƙasar da aka yi wa ruwa, ya rubuta maki 96, gobe farashin kwalba ya tashi.

Mu duba tushen darajar. A shekarar 1855, sarki Napoleon na Uku ya nemi a jera giyar yankin Bodo daki-daki saboda baje kolin birnin Faris. Dillalai aka ba aikin, su kuwa suka bi farashin kasuwa suka kasa gandaye aji biyar. Guda huɗu suka sa a aji na farko: Lafite da Latour da Margaux da Haut-Brion. Tun daga nan babban canjin da aka yi ɗaya ne, a 1973, lokacin da aka ɗaga Mouton Rothschild zuwa aji na farko, bayan mai gandun, Philippe de Rothschild, ya shafe shekaru yana bin gwamnati. Ashe kuɗi ne ya haifi aji, aji kuma ya dawo yana haifar kuɗi. Gonaki sun sauya hannu, iyakokinsu sun motsa, amma jerin dillalan ƙarni na 19 yana nan kamar saukakke.

To, me ke faruwa idan aka ɓoye suna? A ranar 24 ga Mayu, 1976, wani Baturen Ingila mai sayar da giya, Steven Spurrier, ya tara manyan gwanayen Faransa su tara a Faris, ya ba su kofuna ba tare da sun ga kwalabe ba. A ɓangaren jar giya, wadda ta zo ta ɗaya ita ce ta Stag's Leap daga Kalifoniya, gandun da wani tsohon malamin jami'a ya kafa 'yan shekaru kafin nan. Ta doke Mouton Rothschild da Haut-Brion. Ɗaya daga cikin alƙalan, Odette Kahn, sai ta nemi a mayar mata da takardar makinta. Mai karatu ya lura: harshenta ne ya yanke hukuncin, amma da ta ji suna sai ta yi wa harshen nata tawaye.

A 2001 wasu masu bincike, cikinsu har da Frédéric Brochet, suka rina farar giya da jan launi marar ƙamshi, suka ba ɗalibai 54 masu nazarin giya a Jami'ar Bodo. Ɗaliban suka shiga siffanta ta da kalmomin jar giya. A 2008 kuma Robert Hodgson ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi wa alƙalan wata gasa a Kalifoniya, inda aka ba su giya ɗaya sau uku ba su sani ba. Kusan ɗaya cikin goma ne kawai ya iya maimaita makinsa. Ma'aunin da zai auna buhu ɗaya sau uku ya ba da nauyi uku, wace kasuwa ce za ta yarda da shi?

Wanda ya fi cutuwa shi ne ƙaramin gandun iyali. Robert Parker, wani lauya Ba'amurke, ya fara fitar da mujallarsa a 1978 da tsarin maki 100, kuma kafin ya yi ritaya a 2019 alƙalaminsa yana iya ɗaga gandu ko ya kayar da shi. An daɗe ana kukan cewa manoma da yawa sun koma yin giya mai kauri da ƙarfi don su dace da harshen mutum ɗaya, suka bar hanyar iyayensu. Manomi ya sha sanyin sassabe da fargabar ƙanƙara, wani kuma ya kurɓa ya tofar ya yanke masa farashi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Labarin Rudy Kurniawan ya isa hujja. Wannan ɗan Indonesiya ya yi shekaru yana gauraya giya a gidansa a Kalifoniya, yana liƙa takardun manyan gandaye, attajirai da gwanaye suna sha suna yabo. A 2008 aka kai wasu kwalabe gwanjo a Niyok da sunan gandun Ponsot na yankin Bagandi, ɗauke da shekaru daga 1945 zuwa 1971. Laurent Ponsot, wanda yake riƙe da gandun gidansu a lokacin, ya taso takanas ya hana cinikin, domin ya san sai a 1982 gidansu ya fara yin wannan nau'in. Tarihin gida ne ya kama ɓarawo, harsunan gwanaye suna barci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. An kama Kurniawan a 2012, aka ɗaure shi shekara 10 a 2014.

Wani zai ce akwai gwanayen da suke gane irin inabi da yankinsa ido rufe. Akwai su, mun yarda. Amma gane asalin abu daban, auna daɗinsa da lamba daban. Wanda ya ce wannan 94 ce waccan 96, ya ari rigar lissafi ya sa wa son ransa. In har ya tsaya a kan cewa ra'ayinsa ne, ba mu da ƙara a kansa.

Kada mu yi wa Faransawa dariya mu manta da gida. Mu ma a nan jami'a muna ɗanɗana waƙa da gajeren labari muna ba su maki. Sau nawa muke duba sunan marubuci kafin baitin farko? Sau nawa rubutun ɗalibin aji ɗaya yake faɗuwa don ba a san shi ba, na wane kuma ya wuce ba a karanta ba? Muna kira ga masu tace wannan mujalla da alƙalan gasanninmu su rufe suna, su ba kowane rubutu lamba, kuma kowane alƙali ya faɗi dalilinsa a rubuce. Fankam-fankam ba shi ne kilishi ba. Wanda ya amince da harshensa, to ya yarda a ɓoye masa kwalba.